Wadda Ba Ta da Ramuwa

Kwana uku bayan ƙaramar salla muna zaune a tsakar gidan yayana a Kubwa, mata zalla. An ci an sha, yara sun fice yawon salla, sai hira ta gangaro inda takan gangaro kowace shekara a irin wannan lokaci, wato lissafin ramuwa. Kowa so take ta sauke bashin azumin da ta sha kafin ta kama Sitta Shawwal. Wannan ta ce biyar ake bin ta, waccan ta ce bakwai, wata kuma ta ce ita sau biyu al'ada ta riske ta, farkon wata da ƙarshensa, tana faɗa tana ƙirgawa da yatsu. Can wata maƙwabciya ta juya wajen babbar 'yar yayana, budurwa 'yar shekara ashirin da uku da ta gama jami'a tana jiran tafiya bautar ƙasa.

"Ke fa, 'yan mata, nawa ne naki?"

"Babu ko ɗaya, Anti."

"Bana ma? Ai bara ma haka kika ce. Ke kam kin huta, talatin cur!"

Aka yi dariya, aka yi mata barka, hira ta wuce wani wuri. Ita ma ta yi murmushi. Amma ni idona na kan hannunta. Na ga ta kai babban yatsa ƙarƙashin haɓarta, daidai inda bakin hijabi ya tsaya, ta shafa sau biyu kamar mai laluben ƙaya, sannan ta gyara hijabin ta ja shi sama. Uwarta na gefe tana tsince shinkafa, ba ta ce uffan ba. 'Yar fari ce, akwai kunya a tsakaninsu, ko sunanta ba ta faɗa. Irin wannan magana a gidajenmu sai gwaggo.

Da magariba na same ta a ɗaki. Na ce, "'Yata, yaushe rabonki da ganin al'ada?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Tun watan Mauludi, Gwaggo." Na lissafa, wata bakwai ke nan. Ta ce a shekara sau uku ko huɗu take gani, kuma haka take tun tana sakandare. Ba ta sha komai don ta tsayar da shi saboda azumi ba. Daga nan ta zuge jakarta ta fito da matsefata, ta ce kowace safiya kafin ta fita sai ta tsaya gaban madubi ta tsige gashin da ke fito mata a haɓa, masu kauri, baƙaƙe wuluk. Ta kuma yaye hijabi ta nuna mini bayan wuyanta. Fatar wurin ta yi duhu ta yi kauri, da laushi kamar karammiski. Ta ce ta dirje shi da soso da sabulun salo har ya yi rauni, ta sayo mai kala uku a kasuwar Wuse, bai ko gezau ba. A makaranta wata ta taɓa ce mata ta riƙa wanke wuyanta. Shekara shida da faɗin maganar, amma da ta maimaita mini ita sai da muryarta ta yi rawa.

Mata Musulmi mun fi kowa sanin kwanakinmu, domin salla da azumi sun rataya a kansu. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu babin haila a Ahalari, aka koya mana cewa mafi yawanta kwana goma sha biyar ne, aka koya mana bambanta ta da jinin ciwo. Duk wannan karatu a kan jinin da ya zo ne. Wanda ya ƙi zuwa kuwa ba mu da babinsa, sai dai mu ce mai shi ta huta. Alhali ruwa ba ya tsami banza. Likitocin mata sun yi ittifaƙi cewa idan tazarar da ke tsakanin al'ada da al'ada ta riƙa wuce kwana 35, ko mace ta ga ƙasa da takwas a shekara, ko ta yi kwana 90 ba ta gani ba alhali ba ciki ba goyo, to akwai abin dubawa.

Dubawar ce ta ba mu wuya. Asibitin farko da muka je, ko minti biyar ba a yi da ita ba aka ce infekshan ne, aka rubuta mata ƙwayoyi na mako biyu. A gida kuma kowa da nasa fashin baƙin: wannan ta ce sanyi ne, waccan ta ce a nemi mai ruƙiyya ko namijin dare ne, wata ta aiko da hulba da habbatus sauda. A asibiti na biyu aka ce ta rage ƙiba, in ta yi aure ta ga shiru ta dawo. Sai a na uku muka dace da wata likita da ta ajiye biro ta saurare ta. Ta tambaye ta shekarar da ta fara al'ada, ta tambaye ta ko akwai mai ciwon suga a dangi, ta ce ta daina tsige gashin na mako biyu don ta gani da idonta, ta duba wuyan, sannan ta tura mu hoto da gwajin jini. Ranar da muka koma ta rubuta haruffa huɗu a takarda ta turo mana: PCOS.

Ga yadda abin yake. A dama da hagu na mahaifa akwai ma'ajiyar ƙwai guda biyu, kowace ba ta fi girman dabino ba. Kowane wata wasu 'yan ƙwai kan fara girma a cikin 'yan jakunkunan ruwa, ɗaya ya tsere wa saura, ya nuna, ya fito. Fitowarsa ce ke saita agogon al'ada. A jikin mai wannan lalura 'yan jakunkunan kan taso da yawa su tsaya a rabin hanya, babu wanda ya nuna balle ya fito. A hoton sikanin sai a gan su jere a gefen ma'ajiyar kamar 'ya'yan carbi. Mutane da yawa in sun ji an ce jakunkuna ne a ma'ajiyar ƙwai sukan ɗauka ƙari ne da za a yanka a cire. Ƙwai ne kawai da suka tsaya ba su ƙarasa ba.

Abin da ke tsayar da su rikici ne na sinadaran homon. Kowace mace tana da ɗan kaɗan na sinadarin maza a jikinta, amma a nan yakan yi yawa, shi ke kawo gashin haɓa da ƙurajen fuska da zubewar gashin tsakiyar kai. A jikin da yawa daga cikinsu kuma akwai matsalar insulin, sinadarin da ke buɗe wa suga ƙofa ya shiga ƙwayoyin halittar jiki. Idan jiki ya daina jin maganar insulin, sai a ƙara yawansa a jini, yawan nasa kuma ya zuga ma'ajiyar ƙwai ta ƙara fitar da sinadarin maza. Shi ne kuma ke sa fatar wuya da hammata ta yi kauri ta yi duhu. Ashe abin da 'yar yayana ta shekara shida tana dirza da soso daga cikin jini yake tasowa. Kuma lalurar ba ta masu ƙiba kaɗai ba ce, akwai sirara da ke fama da ita.

Ba sabon abu ba ne. A 1935 wasu likitoci biyu a Shikago ta Amurka, Irving Stein da Michael Leventhal, suka rubuta bayanin mata bakwai masu irin waɗannan alamu, har aka daɗe ana kiran lalurar da sunansu. Yau kiyasi ya nuna kusan mace ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa tana da ita, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce waɗanda ba a gano tasu ba za su iya kai kashi 70 cikin ɗari. Ki tsaya a bakin titi a Berger ko Nyanya da safe ki dubi mata na rububin shiga mota. A kowace doguwar bas da ta cika da wuya a rasa mai ita, kuma mafi yawansu ba su taɓa jin sunanta ba.

Me ya sa gano ta ke da wuya haka? Domin har yau babu gwaji guda ɗaya da za a yi a ce ga ta. A 2003 masana suka taru a Rotadam ta ƙasar Holan suka amince da sharuɗɗa uku: rikicewar fitar ƙwai, alamar yawan sinadarin maza a jiki ko a jini, da ganin jerin 'yan jakunkunan nan a hoto. In mace ta cika biyu daga ciki, kuma an tabbatar ba matsalar maƙoshi ba ce ko yawan sinadarin ruwan nono ko wata cuta mai kama da ita, sai a ce ita ce. Kowane sharaɗi kuwa da tangarɗarsa a wurinmu. Gashin haɓa an tsige shi tun a gida saboda kunya. Sinadarin maza a jinin mace ɗan kaɗan ne, auna shi daidai sai ɗakin gwaji mai kayan aiki na ƙwarai. Hoton da ya fi nuna ma'ajiyar ƙwai sosai ta ƙasa ake yin sa, ba a yi wa budurwa, sai a koma na saman ciki wanda bai kai shi fitowa ba. Yarinyar da ba ta shekara takwas da fara al'ada ba kuwa, ƙa'idar duniya ta ce kada ma a dogara da hoto a kanta, domin a wannan shekaru lafiyayya ma takan nuna jakunkuna da yawa. A 2023 aka sabunta ƙa'idar, aka yarda a auna wani sinadari mai suna AMH a jinin babbar mace a maimakon hoto. An samu sauƙi, amma shi ma ba ya yanke hukunci shi kaɗai.

Ranar da aka ɗebi jininta ina tsaye a gefe. Ma'aikacin ya ɗaure mata dantse da roba, ya cika 'yar kwalba mai rawayan murfi, ya rubuta lamba ya ajiye. Ta tagar ɗakin gwajin na hango wasu kwalaben da aka riga aka juya a na'ura, jinin ya rabu biyu: ja ya kwanta a ƙasa, wani ruwa garai-garai mai kalar man gyaɗa ya taso sama. Na daɗe ina kallon ruwan nan. A ido babu komai a cikinsa. Daga baya da na shiga karance-karance a kan lalurar 'yata na tarar cewa a cikin wannan ruwa ne masu bincike a ƙasashe da dama suke neman abin da zai zama shaidar PCOS, kuma abin da suke nema ƙanƙane ne ƙwarai. Sunansa maikro-RNA.

Labarin gano shi irin na allura ta tono garma ne. Wasu masana biyu a Amurka, Victor Ambros da Gary Ruvkun, suna nazarin wata tsutsar ƙasa da tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba, suna so su san dalilin da ya sa wasu daga cikin tsutsotsin ke rikita matakan girmansu, abin da ya kamata ya zo baya ya zo gaba, ko ya yi ta maimaituwa. A 1993 suka wallafa abin da suka gano: wani ɗan guntun saƙo ne, mai haruffan halitta kimanin 22 kacal, ke hana wani umarni aiki idan lokacin tsayawarsa ya yi. Duniya ba ta damu ba, aka ce sha'anin tsutsa ne. Sai a 2000 ɗakin binciken Ruvkun ya gano na biyu, aka kuma same shi a jikin ƙuda da kifi da ɗan Adam. Yanzu an san mutum yana da irinsu fiye da dubu. A watan Oktoban 2024 aka ba mutanen biyu kyautar Nobel ta fannin likitanci.

Duk macen da ta taɓa girki a murhu za ta gane aikinsu. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai kundin gado da ake kira DNA, yana nan a killace ba ya fita. In ana bukatar ƙera wani abu sai a kwafi shafin da ake so a aika da shi wurin aiki, wannan kwafi shi ne RNA ɗan aike, wanda muka ji sunansa a zamanin allurar korona. To maikro-RNA shi ne hannun da ke zare itace daga murhu in wuta ta yi yawa. Yakan manne wa ɗan aiken ya rage masa ƙarfi ko ya sa a wargaza shi. Tukunyar ba ta daina tafasa, amma ba ta ƙonewa. In hannun ya zare itace fiye da kima abinci ya ƙi dahuwa, in ya yi sakaci ya kama.

An ɗauka a cikin ƙwayoyin halitta kaɗai suke zama, domin jini cike yake da sinadaran da ke narkar da RNA nan take. A 2008 ƙungiyoyin bincike da dama, ciki har da wata a Seattle ta Amurka da wata a Nanjing ta ƙasar Sin, suka nuna cewa suna yawo a cikin ruwan jini lafiya lau. Na Seattle sun bar ruwan jinin a ɗaki har awa 24, suka daskarar da shi suka narkar har sau takwas, 'yan saƙonnin suna nan ba su lalace ba. Dalili kuwa a naɗe suke fitowa, wasu cikin 'yan mitsi-mitsin jakunkunan kitse, wasu a rungume cikin wani furotin. Da na karanta wannan sai na tuna da laya: ɗan rubutu a guntuwar takarda, a naɗe a ɗinke cikin fata, ruwa ya dake ta rana ta dake ta, rubutun na nan. Tun da gaɓoɓin jiki ne ke sako su, kuma yawansu na sauyawa in gaɓa ta shiga matsala, sai masana suka ce me zai hana a buɗe layun nan a karanta.

A kan PCOS an fara samun abin kamawa. A 2013 ƙungiyar Ricardo Azziz a jihar Jojiya ta Amurka ta gano cewa wani mai suna miR-93 ya yi yawa a kitsen jikin mata masu lalurar, kuma aikinsa rage ƙofar da suga ke bi ya shiga ƙwayar halitta, ƙofar da ake kira GLUT4. Wannan ya ba da haske a kan dalilin da ya sa jikinsu ke ƙin jin maganar insulin. A 2015 masu bincike a Hull ta Ingila suka ga shi wannan miR-93 ya ƙaru a ruwan jinin masu lalurar ma, ba sai an yanki kitse ba. A Madrid kuma, a 2013, aka auna wasu huɗu, miR-21 da miR-27b da miR-103 da miR-155, aka ga ƙiba da sinadarin maza duk suna taɓa yawansu a jini. A ƙasar Sin an ba da rahoton ƙaruwar miR-222 da miR-146a da miR-30c. Burin shi ne wata rana a haɗa 'yan kaɗan daga cikinsu a yi gwaji guda, a ɗebi jini cokali ɗaya a gaya wa yarinya tana da lalurar ko ba ta da ita, a kuma gane wadda ciwon suga ke tunkaro ta tun bai iso ba.

Sai dai ranar ba ta zo ba tukuna, kuma duk wanda ya ce zai yi miki wannan gwaji yau don gano PCOS, ki riƙe kuɗinki. Yawancin binciken a kan mata 'yan ƙalilan aka yi shi, sau da yawa ba su kai ɗari ba. Abin da wannan ya ga ya hau, wancan ya ga ya sauka. Ƙiba da shekaru da magungunan da mace ke sha duk suna motsa adadin, har ya zama da wuya a ce wannan sauyi na lalurar ne ko na abin da ke tafe da ita. Akwai kuma matsalar fashewar jajayen ƙwayoyin jini. Su ma cike suke da nasu maikro-RNA, irin su miR-451 da miR-16, in suka fashe a cikin kwalba saboda zafi ko jijjiga ko gaggawar ɗiba, sai su zubo su gurɓata lissafin. Ruwan da ya kamata ya yi kalar man gyaɗa sai ya yi ja-ja, aikin ya ɓaci.

A nan ne maganar ta dawo gida. Ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da sikila suka fi yawa a duniya ita ce tamu, kuma dukansu biyun fasa jajayen ƙwayoyin jini suke yi tun a cikin jiki. Ga zafin watan Maris, ga nisan hanya in an ɗebo jini daga Abaji ko Kwali za a kawo cikin gari. Ma'aunin da aka yanka a kan jinin matan Sin da Turai, wa ya ce zai zauna daidai a jikin 'yar Kubwa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ba a sa jininmu cikin binciken tun yanzu ba, ranar da gwajin ya fito za mu saye shi da tsada, mu auna kanmu da mudun wasu.

Kuma Abuja ba ta rasa abin farawa ba. Na'urar da ake ƙirga maikro-RNA da ita, ita ce dai ta PCR da kowa ya haddace sunanta a 2020, wadda babban ɗakin gwaji na hukumar NCDC da ke Gaduwa ya yi ta aiki da ita dare da rana lokacin korona. Cibiyar nazarin ƙwayoyin cuta ta IHVN tana da rumbun adana samfurin jini a nan Abuja, wanda aka kafa ƙarƙashin shirin H3Africa na nazarin gadon halittar 'yan Afirka. Babban Asibitin Ƙasa da aka buɗe a 1999, asalinsa ma don mata da yara aka gina shi. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, garin da a 1998 aka haifi jaririya ta hanyar dashen ƙwai a asibitin Nisa na Dakta Ibrahim Wada. Na'ura akwai, masana akwai, matan da ke cika layin asibitin mata kowace safiya su ma akwai. Abin da ya rage a haɗa su wuri guda, a ware kuɗi, a nemi yardar matan da mutunci, a bi su shekara da shekaru. Wannan roƙo nake yi ga jami'o'inmu da masu riƙe da lalitar bincike.

Kafin ranar ta zo kuwa, akwai rubutun da ba ya bukatar na'ura. Yana kan haɓa, yana bayan wuya, yana cikin lissafin ramuwa. Kuma akwai abin yi tun yau. Likitar 'yata ta bayyana mana cewa mahaifar da ta daɗe ba ta zubar da shimfiɗarta ba, shimfiɗar kan yi ta kauri, in shekaru suka yi nisa haɗarin sankarar mahaifa ya ƙaru, saboda haka ba a barin mace ta yi ta ɗaukar watanni babu al'ada. Ta rubuta mata ƙwayar daidaita al'ada da metformin, maganin da masu ciwon suga suka sani, ta ce ta riƙa tafiyar ƙafa, ta rage lemon kwalba da kayan fulawa. Ta ce ga mai ƙiba, ko kashi biyar zuwa goma cikin ɗari na nauyinta ta sauke, sau da yawa ƙwai kan dawo fita. Ta kuma dube ta ido cikin ido ta ce, "Ba juya ba ce ke. In lokacin ya yi akwai maganin da ke taimaka wa ƙwai ya fito, letrozole, kuma da yawa masu irin lalurarki suna goye da 'ya'yansu." A mota muna dawowa ta titin Kubwa, daidai Gwarimpa, 'yar yayana ta fashe da kuka. Ashe abin da ya fi cin ta ke nan tun tana sakandare, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

A gida aka yi ƙaramin yaƙi. Uwarta ta ga fakitin ƙwayar ta gane irin ta tazarar haihuwa ce, ta kira ni gefe jikinta na rawa. "Me mutane za su ce in suka ga wannan a jakar budurwa?" Na zaunar da ita na yi mata bayani tun daga ƙwai har wuya. Na ce mata addinin da ya koya mana ƙirga kwanaki shi ya umarce mu da neman magani, addu'a muna yi, asibiti ma muna zuwa. Ta yi shiru, can ta ce ashe ƙanwar mahaifiyarta ma haka take, da gemu 'yan sili-sili, aure uku ta yi ana sakin ta a kan rashin haihuwa, daga ƙarshe ciwon suga ya tafi da ita. Lalurar takan bi dangi. Baiwar Allah nan ta rayu ta mutu ana yi mata kallon mai baƙin jini, babu wanda ya taɓa gaya mata sunan abin da ke damun ta.

Tun daga nan na koyi kallon ƙananan abubuwa. A wurin kitso nakan lura da wadda ba ta yarda a taɓa tsakiyar kanta. A gidan biki nakan ga wadda ta lafta hoda a haɓa fiye da sauran fuska. A Islamiyyar matan aure, in an zo babin haila, nakan ga wadda ba ta taɓa yin tambaya. Ba na tare kowa da magana a cikin mutane. Amma in ta kama mu biyu ne, kuma da sabo a tsakaninmu, nakan tambaya a hankali, in faɗi sunan lalurar, in ce ta nemi likitan mata. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

'Yar yayana ta yi bautar ƙasarta ta dawo. Kowace yamma bayan la'asar ita da ƙanwarta sukan zaga unguwa da ƙafa, tun ana yi musu tsiya har wasu 'yan mata biyu suka bi sahu. Wuyan ya fara washewa, ba duka ba. Matsefatar na nan a jaka, amma ta ce yanzu sai ta kwana uku ba ta ɗauko ta ba. Lalurar ba a rabuwa da ita, lallaɓa ta ake yi, kuma duk bayan wani lokaci takan koma a auna mata suga da hawan jini.

Da salla ta zagayo muka sake haɗuwa a tsakar gidan nan, kusan mu ɗin dai. Hira ta gangaro inda ta saba. Maƙwabciyar ta juya ta ce, "'Yan mata, bana ma talatin cur?" Ta ɗaga kai ta ce, "Shida ake bi na, Anti." Aka ce ayya, sannu, bana kin shigo layi. Uwarta ba ta ɗago daga tiren shinkafarta ba, amma na ga hannunta ya tsaya cak na ɗan lokaci kafin ta ci gaba da tsinta.

Da dare ina shirin kwanciya ta leƙo ɗakin da aka sauke ni.

"Gwaggo, in kin tashi da asuba ki tashe ni sahur. Gobe zan fara ramuwa."